Me ya sa 5000 - 1200 - 800 ke ba ni 4600?

ɗan_koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta 'yar manhajar lissafi da Python saboda shagon yayana, yadda zai rubuta kuɗin ciniki da abin da aka kashe a layi ɗaya, ta faɗa masa abin da ya rage. Na raba aikin kashi biyu: kashin farko yana daddatsa rubutun zuwa lambobi da alamomi, na biyu yana yi musu li'irabi. Tarawa da ninkawa lafiya lau, 2 + 3 * 4 tana ba ni 14. Amma shekaranjiya na sa 5000 - 1200 - 800, sai ta ce 4600, alhali 3000 ne.

Da farko ƙa'idata ta li'irabi ita ce jimla = jimla - gaɓa (jimla ita ce dukkan lissafin, gaɓa kuma yanki ɗaya ce da ke tsakanin alamomin + da -), sai fankishin ɗin, wato ɓangaren manhajar da ke karanta jimla, ya yi ta kiran kansa har Python ya tsaya da RecursionError. Shi ya sa na juya ta ta koma jimla = gaɓa - jimla. Kuɗin mutum ne, ba zan miƙa masa abin da ke ƙara masa naira 1600 na ƙarya ba. Don Allah ina na kauce?

tsohon_hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗauki biro ka zana bishiyar li'irabin, irin wadda ake zana wa jimla a darasin nahawu, za ka gani da idonka. Ƙa'idarka ta biyu tana ajiye 5000 a gefe, ta tafi ta gama da 1200 - 800 tukuna, ta samo 400, sannan ta cire shi daga 5000. Bishiyar ta karkata dama, ita kuwa ɗebewa daga hagu take farawa. Ba ka lura ba ne a tarawa domin ko ta ina ka faro amsa ɗaya ce.

Ƙa'idarka ta farko ita ce daidai a takarda. Matsalarta, fankishin yana kiran kansa bai cinye ko lamba ɗaya ba, Python kuma yana katse kira idan zurfinsa ya kai wajen 1000. Maganin shi ne ka bar kiran kai a nan, ka sa while, wato umarnin maimaita aiki: karanta gaɓa ɗaya ka riƙe a matsayin sakamako, muddin abin da ke gaba + ne ko -, karanta gaɓa ta gaba, ka haɗa ta da abin da ke hannunka, ka ci gaba. Ka yi haka a matakin ninkawa da rabawa ma, don na tabbata 100 / 10 / 5 tana ba ka 50 maimakon 2.

mai_sauri:
Ni ban ga abin wahala ba, ka sa eval kawai, fankishin Python da ke lissafa rubutun da aka ba shi.

'yar_bita:
A'a ɗan'uwa, kada ya soma. Duk abin da aka rubuta wa eval zartar da shi yake yi, har da umarnin da zai iya goge fayiloli. In dai so yake ya ga yadda Python ke gina tasa bishiyar, ya haɗa ast.parse da ast.dump ya kwatanta da tasa.

Abu ɗaya zan ƙara kan bayanin Malam: ba kowace alama ke farawa daga hagu ba. A Python alamar ** ta ninka lamba da kanta, 2 ** 3 ** 2 na ba da 512, ba 64 ba, a nan kiran kai ta dama shi ne daidai. Idan alamominka suka yi yawa, nemi hanyar da Vaughan Pratt ya bayyana a 1973, inda kowace alama ke da lambar ƙarfinta, fankishin ɗaya ya wadatar. Shi kansa Python sai a sigar 3.9, a 2020, ya koma tsarin li'irabi da ake kira PEG, kuma wannan matsala ta kiran kai ta hagu, irin ta ƙa'idarka ta farko, na cikin abubuwan da suka takura wa tsohon tsarinsa.

ɗan_koyo:
Allah ya saka da alheri Malam. Na gwada 100 / 10 / 5, wallahi 50 ta ba ni. Na sa while a matakan biyu, yanzu 3000 da 2 nake samu. Saura guda: in na rubuta -500 + 2000 tana ƙin karɓa, wai ba ta ga lamba a farko ba. A wane mataki zan kama wannan alamar?