Nawa ya kamata in taya wannan Hilux ɗin?

Salam. Wani mutum zai sayar min da Toyota Hilux ƙirar 2012 mai shan dizal, hannu da hannu, babu dillali. Mitarta na nuna kilomita 140,000, amma sitiyari da fedar kuloci sun suɗe kamar ta yi ninkin haka.

Na kai bakanike. Ya ce inji lafiya lau, sai dai in an sa giyar jan ƙafa huɗu, fitilar alamar giyar tana ta ƙiftawa, ƙafafun gaba ba sa kamawa. Akwai kuma tsatsa a ƙarƙashin bodi. Na tambayi dillalai uku, kowa da kuɗin da ya faɗa, tazarar ma ba kaɗan ba. Mai motar kuwa ya kafe wai gyaran ƙarami ne.

Don Allah, ta yaya zan ƙiyasta kuɗin gyaran giyar nan in cire daga farashin kafin in taya?