Gurbi huɗu ya rage a katin rahoton cututtuka na mazaɓarmu, me zan rubuta?

Sakataren kwamiti: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren kwamitin lafiya na mazaɓarmu a nan cikin birnin Kano, kuma ranar Asabar za mu zauna da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Mun samu mutum 14 da suka yarda su riƙa kawo rahoto: masu kemis biyar, ungozoma uku, wanzami, mai ɗori, malaman Islamiyya biyu da masu unguwa biyu. Cututtukan da hukuma ke bibiya sun kai wajen 40. Jami'in ya ce ba za su zauna a ƙwaƙwalwar mutanenmu ba, mu zaɓi biyar a buga a kati ɗaya, boko da ajami. Shan inna dole ne, don haka saura huɗu. Ni kuma shida ne a takardata: kwalara, mashaƙo, sanƙarau, ƙyanda, zazzaɓin Lassa da tarin fuka. Mutanen nan ba su da kayan gwaji, ido ne da kunne kawai, kuɗin katin waya ma karo-karo muke yi. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan aiki ya faɗa mini biyun da zan ajiye.

Baban Walida: Wa alaikumus salam. Malam, maleriya fa? Babu gidan da ba ta kwantar da mutum da damina. Ita ya kamata ta zo ta farko.

Hajiyar Gwammaja: A sa hawan jini da ciwon suga, su ne ke ƙarar da manyanmu.

Sakataren kwamiti: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, masu yaɗuwa ake nufi. Maleriya kuma asibiti na ƙirga ta duk wata. Idan na sa ta a kati, wayar jami'in ba za ta huta ba, ranar da babban abu ya zo kuma sai ya ɓace a cikin kira.

Nas mai aikin dare: Malam Sakatare, tambaya uku nake yi wa kowace cuta. Idan an yi jinkirin kwana uku, mutum nawa za ta kama? Wanda bai yi karatun lafiya ba zai gane ta da ido? In an kira, akwai abin da za a zo a yi? Kwalara ta ci duka ukun. Gudawa kamar ruwan wankin shinkafa, babban mutum ya zube cikin awanni, kuma da an ji da wuri a zuba sinadari a rijiya, a raba gishiri da suga. Ka tuna 2021, waɗanda ake zaton sun kamu a ƙasar nan sun haura 100,000, Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Tarin fuka na kisa sosai, amma a hankali yake tafiya, kuma yana da nasa shirin da ake gwajin majina a ba da magani kyauta na wata shida. Shi zan fara ajiyewa.

Maman 'yan biyu: Malam, ko me za ka cire kar ka cire mashaƙo. Ni na gani a ɗakina. A 2023 'yata mai shekara bakwai ta dawo daga Islamiyya da zazzaɓi, tana cewa maƙogwaronta na ciwo. Mai kemis ya ce maleriya ce, ya yi mata allura kwana uku. Ko koko ba ta iya haɗiya, sai ta kurɓa ta dawo da shi ta riƙe wuya. Kakarta ta leƙa bakinta ta ce belu ne, aka kira wanzami ya cire. Daren nan ban runtsa ba, ina zaune da ita a cinyata ina jin numfashinta yana ƙara kamar ana jan zarto. Da asuba wuyan ya kumbura har ya haɗe da haɓa. Da muka isa asibiti likita ya haska bakin da fitilar waya, ya nuna mini wani abu toka-toka ya shimfiɗe maƙogwaron kamar fata, ya ce Hajiya ina kuka tsaya. An yi mata allurar kashe dafin, ta samu sauƙi har ta ce in sayo mata awara. Bayan kwana tara zuciyarta ta tsaya. Sun ce dafin ya riga ya taɓa ta.

Abin da ke cina har yau, a zaman makoki na ji cewa yara biyu 'yan ajinsu sun rasu da irin wannan ciwon makonni kafin ita. Malaminsu ya sani, mai kemis ya sani, wanzamin ma ya sani. Babu wanda ya buɗe baki. Kuma ni duk zatona ɗigon da ake bi gida-gida ana yi ya wadatar, ban san allurar cinya ta sati shida da goma da sha huɗu ita ce ke kare mashaƙo ba. Sau ɗaya kawai aka yi mata.

Hajiyar Gwammaja: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce. Allah ya ba ki dangana 'yar uwa.

Baban Walida: Allah ya sanyaya zuciyarki. Mu ma a Rijiyar Lemo a shekarar mun rasa ɗan maƙwabci haka.

Mai kemis a Kurna: Allah ya jiƙanta da rahama. Amma Maman 'yan biyu a yi mana adalci. Kafin ƙarshen 2022 da yawanmu ba mu taɓa ganin mashaƙo da ido ba, a littafi kawai muka san sunan. Babu wanda ya tara mu ya ce ga alamarsa, ga lambar da za ku kira. Yanzu duk yaron da aka kawo mini da ciwon wuya sai na haska bakinsa kafin in taɓa magani.

Maman 'yan biyu: Ban kama sunan kowa ba Malam. Ina faɗa ne don kar wata uwa ta zauna inda na zauna. Da an zo unguwar bayan yaro na farko an ba 'yan ajin magani an yi musu rigakafi, wataƙila da wani zancen ake.

Ɗan Kofar Mazugal: Maganin ma ai sai mai hali. Yayana ya kashe sama da dubu 60 a kan ɗansa.

Nas mai aikin dare: A cibiyoyin da aka ware, maganin mashaƙo kyauta ne, har ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi aiki a Kano a kansa. Allurar kashe dafin ba a sayar da ita a kanti.

Ɗan Kofar Mazugal: Anti, rasit na nan a gida. Kafin a tura su cibiyar sun kwana uku a asibitin kuɗi. Ledar ƙarin ruwa kaɗai dubu biyu da ɗari biyar.

Mai kemis a Kurna: An dai cuce su. Ni dubu ɗaya nake sayarwa.

Baban Walida: Dubu ɗaya a ina? Satin jiya na saya dubu da ɗari takwas, ban da kuɗin wanda ya sa.

Tsohon ma'aikacin lafiya: Ku bar zancen leda, yaron nan shawara ya nema. Shekara 35 na yi a wannan aiki. Na ga sanƙarau na 1996, lokacin da asibitin zana na cututtuka masu yaɗuwa ya cika har ana kwantar da mutane a ƙasa, ga kwalara ga ƙyanda duk a shekara ɗaya. Sanƙarau ba ya jira, yaro lafiya da safe, da dare wuya ya sanƙare. Tun da aka kawo rigakafin 2011 nau'in da ya saba yi mana ɓarna ya ja baya, sai ga wani nau'in ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017. Don haka yana cikin kati, musamman daga tsakiyar hunturu zuwa saukar ruwan farko. Ƙyanda ma tana ciki, duk tsohuwa ta san ta, kuma inda ka gan ta ka san akwai yaran da ba a kai rigakafi ba, gobe mashaƙo zai biyo ta ƙofar. Lassa ita ce matsala: farkonta zazzaɓi ne kamar kowane, ungozoma ba za ta bambance ba. Wannan aikin asibiti ne.

Injiniya daga Ingila: Baba da girmamawa, wannan tsohon tsari ne. Lassa na kashe ma'aikatan lafiya, kuma hatsi da fasinja na shigowa Kano kullum daga Bauchi da Edo, inda take yawan ɓarkewa. A nan ana ba kowace cuta maki ne a lissafa a kwamfuta. Najeriya ma tana da manhajar SORMAS ta tattara rahoton cututtuka, ku nemi alƙaluman mazaɓarku ku duba.

Mai kemis a Kurna: Injiniya, kana can cikin sanyi kana ba mu maki. Alƙaluman ai abin da aka kai rahoto ne kawai. 'Yan ajin 'yar Maman 'yan biyu suna cikin kwamfutar?

Injiniya daga Ingila: A Fagge aka haife ni, Malam. Zama a waje bai hana ni magana a kan garinmu ba.

Nas mai aikin dare: Injiniya yana da gaskiya a abu ɗaya. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ko aka ga jini ta hanci ko dasashi, wannan kowa zai iya kira a kai. Ba sai an rubuta sunan cutar ba.

Tsohon ma'aikacin lafiya: 'Yata, kin kawo magana. Haka muka yi da shan inna, ba mu ce a nemo cuta ba, cewa muka yi duk yaro ƙasa da shekara 15 da ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya a kira mu. Mu ɗauki bayan gida sau biyu, tsakaninsu kwana ɗaya, a sa a akwatin ƙanƙara a tura Ibadan ko Maiduguri. Masu ɗori ne suka fi kawo mana. Da haka Kano ta ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Sumaila a 2014, aka wanke Afirka daga asalin ƙwayar a 2020. Kuma Sakatare, ka manta mutum ɗaya: mai haƙa kabari. A watan Afrilun 2020 su suka fara cewa gawa ta yi yawa a garin nan, kafin wata takarda ta fito.

Ɗan Kofar Mazugal: To a bar gurbi ɗaya a rubuta ciwon aljihu, shi ya fi saurin yaɗuwa, duk layinmu an kamu.

Baban Walida: Wannan ko mai kemis ba shi da maganinsa, bashi yake rubutawa.

Hajiyar Gwammaja: Ku ji tsoron Allah, uwa ta gama ba da labarin 'yarta kuna raha.

Ɗan Kofar Mazugal: A gafarce ni Hajiya. Amma tambayata ta gaske ce: in an kira, zuwa ake yi? Bara da damina gudawa ta kwantar da mutum shida a gida ɗaya a lungunmu. Mai unguwa ya kira, sai bayan kwana huɗu aka zo da takarda aka rubuta sunaye aka tafi. Rijiyar na nan yadda take.

Baban Walida: Ai maganar ruwa ce gaba ɗaya. Famfonmu ya shekara bai ɗiga ba, bututun ma a cikin kwata ya bi. Jarka ɗaya naira 150 wurin 'yan garuwa, kuma ba ka san inda aka ɗebo ba.

Mai kemis a Kurna: Mu 100 ce, amma leƙa cikin jarkar ka ga gansakuka.

Sakataren kwamiti: Na gode ƙwarai. Na rubuta mai haƙa kabari, na kuma rubuta shawarar Anti ta alamomi maimakon sunaye. Maman 'yan biyu, in kin amince zan karanta labarinki a zaman ba tare da suna ba. Amma har yanzu ban ji matsaya a kan Lassa da ƙyanda ba.

Maman 'yan biyu: Ka karanta Malam. Ka tabbata malaman Islamiyyar suna wurin.

Hajiyar Gwammaja: Mu nan 200 muke saye, in rana ta take ma sai ka bi mai kura kana roƙo. Sakatare, tunda za ku ga mutanen ƙaramar hukuma, ka tambaye su rijiyar burtsatsen bakin masallacinmu da injinta ya ƙone tun kafin azumi, waye zai gyara.