Yaran ajina suna barci saboda yunwa, ta ina za mu fara?

Malamar Islamiyya, Rigasa:
Assalamu alaikum. Ina koyar da ajin ƙanana a wata Islamiyya a nan Rigasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 nake ganin abin da ke hana ni sukuni. Yaro zai zo bai karya ba, ana cikin biya karatu ya kifa kai sai barci. Wasu gashinsu ya yi ja ya yi laushi. Kuma wallahi ba sakacin iyaye ba ne, na san gidajen: uba ɗan garuwa ko lebura, uwa tana wankau. Mu matan layinmu muna da ɗan asusu, duk Juma'a kowace tana zuba abin da ya sawwaƙa. Kuɗin ba su da yawa. Wasu sun ce a sayi biskit a raba, ni raina bai kwanta ba. Me za mu yi da zai amfani yaran nan?

Ma'aikaciyar lafiya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri. Ku bar maganar biskit. Ku yi garin kunu: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Shi ne ake kira Tom Brown.

Amma ki dubi ƙanin yaron nan da ke goye a bayan uwarsa, shi tamowa ta fi saurin kayarwa. Daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2 ne ake gina jiki da ƙwaƙwalwa. Ki roƙi ma'aikatan asibitin mazaɓarku su koya muku awon damtse da zaren nan mai kala uku, na 'yan wata 6 zuwa 59. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu suka kumbura, wannan ya wuce kunu, asibiti za a kai shi a ranar. Jarirai kuwa nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa.

Dattijo daga Kawo:
'Yata, kada ku yi abin nan a bayan iyaye maza. Ki samu limamin unguwa ya yi magana bayan sallar isha'i. Magidanci ba ya son a ce ya kasa ciyar da gidansa, in aka kai masa gari da sunan sadaka yana iya mayarwa. A ce na makaranta ne, kowane yaro yana sha.

Maman 'yan biyu:
Ni gudawa ce ta kusa raba ni da ɗaya daga cikin nawa. Duk abin da ya ci sai ya fita. Ku ajiye ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, da ƙwayar zinc, ku sa buta da sabulu a ƙofar aji. In damina ta zo masu rabon maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro suka shigo gida-gida, a daure a karɓa.

Malamar Islamiyya, Rigasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, gobe maigidana zai ga liman. Anti ma'aikaciya, garin yana kai kwana nawa bai lalace ba a wannan zafin? So nake mu niƙa na mako biyu a lokaci ɗaya, don kuɗin inji ma abin dubawa ne a wurinmu.