Wace kalma za mu ba "masonry" da Hausa?

Mai fassara: Jama'a, a taimaka mini. Ina fassara bayani kan yadda injiniyoyi a Italiya ke duba tsofaffin majami'u da hasumiyoyi su gano ko za su jure girgizar ƙasa, sai kalmar "masonry" ta tsaya mini a maƙogwaro. "Ginin dutse" bai isa ba, don da yawansu na jan bulo ne.

Wata malama: Malam, ka sa "ginin birkila" mana. Kowa zai gane.

Injiniya: Malama, birkilan yau har dakin yake zubawa, ya ɗaure rodi ya cika fila da kankare, kuma wannan shi ne ainihin abin da kalmar ba ta nufi. Abin da ake nufi bango ne da aka tayar ɗaya bisa ɗaya, dutse ne ko jan bulo ko tubali, da kwaɓi a tsakani. Irin wannan bango ko me ka ɗora masa daga sama zai ɗauka, shekara ɗari biyar ba ya gezau. Amma a ja shi ko a tura shi ta gefe, nan take yake buɗewa, ita kuwa girgiza ta gefe take zuwa. Shi ya sa mai dubawa ba ƙarfin dutsen ya fi damunsa ba. Kusurwa yake fara zuwa ya ga ko bangayen biyu sun shiga juna ko jingina kawai suka yi. Sai ya huda ƙaramin rami ya zura kyamara, don bango mai kauri sau da yawa fuska biyu ce da ɓaraguzai a tsakiya, da an jijjiga sai su rabu. Wani lokaci ya yanka layin kwaɓi ya cusa siririn jak, ya tura mai a ciki ya auna nauyin da bangon ke ɗauke da shi. A garin Norcia na Italiya ran 30 ga Oktoba 2016, girgiza mai ƙarfin 6.5 ta rushe majami'ar San Benedetto, kusan fuskarta ta gaba ce kaɗai ta rage a tsaye. Ni dai "ginin jeri" nake ba da shawara.

Mai fassara: Ya shiga kunnena. To ya "ginin tubali"?

Injiniya: Zai yi wa ganuwar Bam ta Iran daidai, wadda girgizar 2003 ta ragargaza, don yawancinta ƙasa ce da tubalin da rana ta busar. Amma ka ce wa Bahaushe majami'ar garin Assisi na Italiya ginin tubali ce, zai zana laka a ransa.

Wani magini daga Zariya: Ranka ya daɗe Injiniya, jeri ya yi, mu ma "jera bulo" muke cewa. Sai dai kada a jefa ɗaurin gugarmu a ciki. Ka je tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ka ɗaga kai: bakan da kake gani akwai azara a cikinsa, an ɗaure ta hawa-hawa kafin a shafe da ƙasa. Na Turawa dutse ne ke danne ɗan'uwansa, ba komai a ciki.

Injiniya: Gaskiyarka Baba. Irin nasu ne ya rufto a majami'ar San Francesco ta Assisi a 1997, ya kashe mutum 4 da suka shiga duba ɓarnar girgizar da aka yi da daddare.

Wata malama: To wanda babu ƙarfe a cikinsa sai a ce "ginin jeri marar ɗauri"?

Injiniya: A'a, a bar shi "marar rodi". Tsofaffin gidajen Italiya da yawa ba su da rodi amma suna da ɗauri, wato dogon ƙarfe da ake ratsawa daga bango zuwa bango a matse shi da faranti ko sanda daga waje. Gidajen da ke da shi sun fi tsira. Idan muka kashe "ɗauri" a nan, me za mu kira wancan ƙarfen?

Mai fassara: Na ɗauka: ginin jeri, ginin jeri marar rodi, ƙarfen kuma ɗauri. Baba, ginin da ake ɗorawa da hannu curi-curi ba tubali fa, jeri ne shi ma?

Wani magini daga Zariya: Wannan ginin ƙasa ne, ka bar masa sunansa.