Wace kalma za mu ba "seascape" a Hausa?

1/ Salamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ina koyon zane da fentin mai. Duk Asabar nakan tashi daga Nima in gangara Jamestown, nan birnin Akra, in kafa allona kusa da inda masunta ke jawo kwale-kwalensu. Malaminmu na kiran abin da muke yi, wato zana teku, "seascape" da Turanci. Ranar da Inna ta tambaye ni me nake zanawa, na rasa sunan da zan ba ta da Hausa, abin kuma ya tsaya min a rai.

2/ Da na tambaya, wasu suka ce "hoton teku". Ban karɓa ba, don da jin hoto hankali zai tafi ga kyamara. "Taswirar teku" kuwa ta matuƙan jirgi ce. Wani dattijo ya kawo "shimfiɗar teku", bisa yadda ake cewa shimfiɗar ƙasa. Tana da daɗin ji, Baba, amma sunan wurin ta faɗa, ba sunan aikin hannu ba. Kuma ruwan da na sani ba ya kwanciya balle a kira shi shimfiɗa.

3/ Abin da na gano shi ne Turanci ya cusa abu biyu cikin kalma ɗaya. A shekarar 1850 Aivazovsky, mai zanen nan na daular Rasha, ya zana mutane maƙale da guntun jirgi a tsakiyar ruwa, taguwa na shirin rufe su, babu tudu ko kaɗan. Monet kuma, mai zane Bafaranshe, ya yi ta komawa Étretat a arewacin Faransa tsakanin 1883 da 1886, yana zana duwatsun alli da ruwa ke duka. Duka biyun sunansu ɗaya a wurin Turawa, alhali ba aiki ɗaya ba ne.

4/ Duk wanda ya riƙe burushi ya san bambancin. Can nesa ruwa launin sama yake ara, abin kula kawai layin da sama ta haɗu da ruwa ya miƙe sak, in ya karkace teku zai zama kamar yana tsiyayewa daga allon. Wahalar tana nan kusa. Shuɗin ya koma kore-kore, sannan ya gauraya da launin yashi. Kumfa ba fara fat ba ce, gefenta na inuwa toka-toka ne mai ratsin shuɗi, sai can ƙarshe ake ɗiga farin zalla a inda rana ta taɓa. Jiƙaƙƙen yashi kuma madubi ne, gajimare na kwance a cikinsa. Na yi mako uku a kan wannan yashin kaɗai. Ga kuma dokar fentin: shafin farko a tsinka shi, na sama su fi shi mai, in ba haka ba ya tsattsage bayan ya bushe.

5/ Don haka ga shawarata. Babban suna: zanen teku. Wanda tudu ya shigo ciki, irin nawa da na Monet: zanen gaɓar teku. Na fifita gaɓa a kan baki, domin "bakin teku" ya fi kai hankali wurin shan iska, ita kuwa gaɓa ta ɗauki yashi, ta ɗauki dutse, ta ɗauki matsayar kwale-kwale. Kuma gaɓa a jiki ai mahaɗa ce, inda abu biyu suka gamu. Wurin da nake zanawa ke nan.

6/ Saura guda. "Fentin mai" a kasuwa shi ne wanda ake shafa wa ƙofa da taga, na gwangwani. Namu a 'yar matsa yake zuwa kamar man goge baki. Ni dai ina cewa "fentin mai na zane". Malaman Hausa, in akwai wadda ta fi ta gajarta ku taimaka min, don Asabar mai zuwa zan kai wa Inna wanda na gama, ina so in rubuta sunansa a bayansa.