Masu karɓar mujallarmu suna janyewa, me zan yi?

Malamin Rigasa:
Salamu alaikum. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai tana buga 'yar mujalla duk wata, shafi 16, kuɗin shekara ₦6,000. Bana kusan rabi ba su sabunta ba, mai bugu kuma ya ƙara kuɗi. In rage shafuka ne, ko ta koma duk wata biyu? Ban da WhatsApp, dattawanmu takarda suke so a hannu.

Ɗan Kawo:
Ku riƙa turawa ta WhatsApp, magana ta ƙare.

Malamin Rigasa:
Ɗan'uwa, karanta ƙarshen maganata.

Maman Ummi:
Malam, fara kiran waɗanda suka fita. Mu da muka kira namu, ashe ba kuɗi ba ne, mujallar ce ba ta zuwa hannunsu sai ta kwana biyu. Muka koma raba ta bayan sallar Juma'a, da yawa suka dawo.

Baban Kakuri:
Ni na yi wannan harkar lokacin da masaƙun Kakuri na nan Kaduna suke aiki. Ranar albashi ake biya na. Da masaƙun suka rufe, na ɗora wani yaro ya bi gida-gida yana karɓo kuɗi. Ya karɓa, ya yi layar zana. Mutane suka ce ni na ci, har a masallaci aka tare ni. Kekena na sayar na biya mai bugu. Ka rufe tun kana da mutunci.

Ɗan Kawo:
Allah ya mayar da alheri, Baba. Takardar ma rim ya kai ₦7,000.

Maman Ummi:
Ina? ₦5,500 na saya a Tudun Wada.

Ɗan Kawo:
Hajiya, mai gram 70 kika saya, ni 80 nake nufi.

Baban Kakuri:
Wanda bai taɓa biyan mai bugu daga aljihunsa ba ya yi shiru. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 take, yau wa yake ganinta a titi?

Maman Ummi:
Baba, da girmanka, tamu tana nan da ranta, taka ce ta mutu.

Na Barnawa:
Kada ku rage shafi don Allah, mai ƙosan layinmu da ita ta dogara 😂

Ɗan Kawo:
Rabon ma da me za a yi? Tun da aka cire tallafin mai a 2023, mai Keke daga Kawo zuwa Kasuwa sai abin da bakinsa ya faɗa.

Na Barnawa:
Kuma ya cusa mutum biyu a gaba, ka yi magana ya ce sauka.

Malamin Rigasa:
Jama'a, shafi 8 ko duk wata biyu?