Bashin da aka ci lokacin yaji: abin da aka tattauna a Daura

A zaman da muka yi a zauren mai unguwa, an daɗe ana kai-komo kan bashin da mata ko miji suka ci bayan ta yi yaji, alhali igiyar aure ba ta tsinke ba. Malaman da ke wurin sun fara da tunatar da cewa a Musulunci dukiyar mace tata ce, ta miji kuma tasa, don haka bashin ankon biki ko na jarin sana'a yana wuyan wanda ya karɓa, sai dai idan ɗayan ya tsaya masa lamuni.

Inda aka fi jan magana shi ne ciyarwa. A mazhabar Malikiyya, idan miji mai hali ya bar matarsa ba ci ba sha, har ta karɓo tiyar gero da maganin yaro bashi a wurin mai kanti, tana da damar neman ya biya, ko da sai an je gaban alƙali. Amma wadda ta fita babu uzuri, kuma ta ƙi komawa, ciyarwarta tana faɗuwa, ban da ta 'ya'ya da ta juna biyu. A ganina nan ne rigimar take, domin kowane ɓangare cewa yake shi aka zalunta.

Wani dattijo ya karanto aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ya shawarci waliyyai su riƙa rubuta duk abin da aka ranto a gaban shaidu biyu, su kuma aika wa mijin tun kafin adadin ya taru.